Grip, durability da puncture resistance: me za mu kira su da Hausa a zancen tayar keken tsere?

Jama'a, kalmomi uku ne suke tsaya mana a wuya duk lokacin da aka zo kwatanta tayoyin keken tsere, siraran nan na kan kwalta: grip (yadda taya ke zama daram a titi ba ta zame ba), durability (yadda take shan aiki ba ta cinye ba) da puncture resistance (yadda take hana ƙusa ko ƙaya huda ta). Mukan dunƙule su mu ce "taya mai kyau" ko "taya mai ƙarfi", mu wuce. To amma ukun nan ja-in-ja suke yi da juna. Robar da ta fi kama titi ita ce ta fi saurin cinyewa, wadda kuma aka yi wa kauri don ƙusa ta kasa shiga, ita ce mai nauyin tuƙi. Wanda ya ce maka taya "mai ƙarfi ce" bai gaya maka wanne aka ba ka, wanne aka hana ka ba. Kun kawo shawarwari iri-iri kan sunan da za mu ba kowacce da Hausa, na bi su ɗaya bayan ɗaya, ga inda na tsaya.

Durability ba ta da gardama, muna da ƙarko tun tuni. An kawo juriya, amma juriya ta fi dacewa da mai rai, wanda ke jin wahala yana daurewa. An kawo daɗewa, sai dai tayar da aka rataye a ɗaki shekara biyar ita ma ta daɗe, alhali robarta ta bushe ta tsattsage. Ƙarko shi ne a yi ta aiki da abu bai lalace ba. A taya, yana zuwa ne daga kaurin robar da ke taka titi da kuma taurin haɗinta, musamman baƙin garin kabon da ake cuɗawa a ciki, wanda shi ne ma ya sa taya ta zama baƙa. Kalmar aikin ma muna da ita: taya ta suɗe. Ta baya ce ke fara suɗewa, don ita ke ɗauke da mafi yawan nauyin mahayi kuma ita ke tura keken, har ka ga tsakiyarta ta baje ta daina zagaye. Kamfanin Continental na Jamus yana yin ƙananan ramuka biyu a saman wasu tayoyinsa, kusa da haruffan TWI. Ranar da ramukan suka shafe, ƙarkon ya ƙare.

Grip ce ta ja mu da nisa.

Mafi yawanku riƙo kuka zaɓa, kuma shi ne abin da ƙamus zai fara ba mutum. Ban yarda da shi ba a nan. Riƙo aikin hannu ne, kuma a jikin keken ma akwai wurin da hannu ke riƙewa. Ka ce "keken nan ba shi da riƙo", sai a duba robar hannu, ba wanda zai sunkuya ya kalli taya. Damƙa ma haka take, ta fi riƙo ƙarfi amma har yanzu da yatsu a cikinta.

Malamin da ya kawo danƙo, ranka ya daɗe, hujjarka ta fi ta kowa nauyi, shi ya sa zan daɗe a kanta. Gaskiya ne sabuwar tayar tsere mai laushi, in ka danna ta da yatsa, za ka ji kamar tana so ta manne. Amma hanyar da roba ke kama titi biyu ce. Ta farko ita ce wannan mannewar, fuskar roba da fuskar dutse suna haɗuwa kai tsaye. Ta biyu kuwa, kwalta ba sumul take ba, cike take da ƙananan tsakuwoyi masu kaifi, roba tana lotsawa ta shige tsakaninsu, kuma ba ta dawowa nan take, sai ta ɗan yi jinkiri. Wannan jinkirin shi ke hana ta zamewa. Idan ruwan sama ya sauka, ruwa yana shiga tsakanin roba da dutse ya rage mannewar sosai, abin da ya rage wa mahayi shi ne lotsawar. Ke nan danƙo rabin zancen kawai ya faɗa, kuma rabin da ke gudu ranar da aka fi bukatarsa. Akwai wani haɗari kuma: wanda ya ji "danƙo" zai ɗauka abin a jikin roba kaɗai yake, ya manta da iska.

Iska kuwa tana da babban hannu a ciki. Lissafin mai sauƙi ne: idan nauyin kilo 40 ya sauka a kan taya mai iska bar 5 (bar shi ne ma'aunin ƙarfin iskar taya), wurin da ke taɓa titi wajen murabba'in santimita 8 ne kacal. Ƙara iska, wurin ya ƙanƙance, taya ta yi tauri ta riƙa tsalle a kan tsakuwa maimakon ta lanƙwasa ta bi su, kuma duk lokacin da ta tashi sama ba abin da take kamawa. Shekarun baya 'yan tsere suna hawa taya mai faɗin milimita 23 da iska wajen bar 8. Yau 28 ce ta zama gama-gari, wasu har 30, da iska ƙasa da haka sosai. A tseren Faris zuwa Rube a arewacin Faransa, inda ake bi ta kan tsofaffin hanyoyin da aka shimfiɗa da duwatsu, 32 ba baƙuwa ba ce. Roba ɗaya, iska daban, sakamako daban. Danƙo ba zai iya ɗaukar wannan ba.

Abin da na tsaya a kai shi ne kamun ƙasa.

Ginin kalmar namu ne, ba mu aro shi ba: kamun kai, kamun kifi, kamun ƙafa. Tana juyawa yadda ake so. "Tayar nan tana kama ƙasa." "Kamunta a jiƙaƙƙen titi bai kai na waccan ba." "Ya ba ta iska da yawa, kamu ya ragu." Kuma tana da kishiya a shirye, wato santsi da zamewa. Wata 'yar'uwa ta tambaya me ya hana a ce kamun hanya, tun da a kan hanya ake tafiya. Hajiya, kama hanya a bakinmu tashi tafiya ne, "ya kama hanya tun asuba", ba za mu iya ƙwace ta daga wannan ma'anar ba. Kamun titi kuma, gwada faɗa da ƙarfi ka ji, kamar jami'an tsaro ne suka tare wani. Ƙasa ta fi faɗi: ta ɗauki kwalta, ta ɗauki siminti, ta ɗauki farin fentin da ake zanawa a titi da murfin ƙarfe na magudanar ruwa, waɗanda su biyun nan su ne suka fi kayar da mutum idan sun jiƙe.

Na gwada kalmar da zance mafi wuya don in ga ko za ta karye. Kamun da taya ke da shi guda ɗaya ne, birki da kwana kuma daga cikinsa suke ɗiba. Wanda ya kwanta cikin kwana ya riga ya kashe mafi yawansa, in ya matse birki a nan, ya nemi abin da babu, sai taya ta zame. Shi ya sa ake gama birki kafin a shiga kwana. Duk wannan na faɗe shi da "kamu" ba tare da na koma Turanci ba. Sa danƙo ko riƙo a wurin ka ji yadda jimlar ke ɗingishi.

Bari in ratse kaɗan, don wani ya rubuta "taya mai santsi" yana nufin slick, wato wadda ba ta da zane. Wannan ƙazafi ne ga tayar. Mota tana bukatar zane mai zurfi saboda tayarta faffaɗa ce kuma tana gudu sosai, ruwa na iya taruwa a ƙarƙashinta ya ɗaga ta. Tayar keken tsere siririya ce, mai zagayayyen baki da iska mai ƙarfi, tana raba ruwan da kanta, kuma ƙafar mutum ba ta kai ta gudun da ruwa zai ɗaga ta. A kan kwalta, 'yan zane-zanen da kake gani a gefenta ba su ne ke kama ƙasa ba, haɗin robar ne. Silika, sinadarin da ke cikin yashi, ita ake ƙarawa a roba don kamu a cikin ruwa ya inganta ba tare da taya ta yi nauyin gudu ba. Don haka a ce taya sumul ga wadda aka ƙera ba zane, a bar suɗaɗɗiya ga wadda ta cinye. A ido suna kama da juna, amma ɗaya sabuwa ce, ɗaya ta kusa nuna zare.

Saura puncture resistance, kuma a nan faci ne ya ɗaure mana kai. Mun aro shi daga patch, wato ƙyallen robar da ake liƙawa, amma muka ba shi aiki biyu: taya ta yi faci, an yi mata faci. Ciwon da maganin suna ɗaya. Wasu sun ce saboda haka a guje shi, a ce jure huda ko hana ɓulewa. Ni ban ga dalili ba. Ba mai keken da ke cewa "tayata ta hudu" in yana ba da labari, faci yake cewa, kuma ba a taɓa ruɗewa. Matsalar facin ma tsohuwa ce kamar tayar iska kanta. Kafin John Boyd Dunlop, likitan dabbobi a birnin Belfas na tsibirin Ireland, ya yi tasa a 1888, kekuna roba daskararriya suke hawa, ba faci amma ba daɗi. Shekara uku bayan nan, a 1891, 'yan'uwan Michelin a Faransa suka fito da tayar da ake cirewa a gyara cikin sauri, ɗan tseren Faransa Charles Terront ya ci tseren Faris zuwa Brest da dawowa a kanta, tafiyar wajen kilomita 1,200.

Na zaɓi kariyar faci. Maganin faci, da mutum biyu suka kawo, a ajiye shi ga ruwan nan mai kauri da ake zubawa cikin tayar da ba ta da tib, wanda ke toshe ƙaramin huji da kansa yayin da ake tafiya. Hana faci kuwa alkawari ne da ba tayar iska da za ta cika. Kariya tana da mataki, ana cewa mai yawa, ana cewa kaɗan, kuma abin da ake kwatantawa ke nan.

Shimfiɗar da ake sakawa tsakanin roba da zaren taya don tare ƙusa, ƙaya da fasasshen gilashi, wadda Turawa ke kira breaker, ita ce sulke. Wannan ko muhawara ba a yi ba, kuma ya dace fiye da yadda mai kawo shi ya zata: zaren Kevlar da Stephanie Kwolek ta gano a kamfanin DuPont na Amurka a 1965, wanda ake saka rigar sulke da shi, yana cikin abin da ake sakawa a taya. Wasu kamfanonin wani zare mai suna Vectran suke amfani da shi, wasu nailan ko roba mai kauri.

Sulke fa ba ya maganin kowane faci. Idan iska ta yi kaɗan ka daki bakin rami, rim, wato ƙarfen da taya ke zaune a kansa, yana matse tib ya yi masa huji biyu a jere. Wannan facin matsa ne, laifin iska ne, ko da sulken ya kai kaurin yatsa. Gefen taya ma sau da yawa sulke ba ya kaiwa can, dutse mai kaifi na iya yanka shi. Kuma ƙarko da kariyar faci ba abu ɗaya ba ne, ko da yake suna taɓa juna: taya na iya samun sulke mai kyau da roba mai laushi da ke saurin cinyewa, sannan duk tayar da ta suɗe facinta yana yawaita, don abin da ƙusa za ta ratsa ya ragu.

Yanzu a ɗora kalmomin a kan tayoyi na gaske. Vittoria Corsa ta Italiya, mai saƙar auduga zare 320 a inci ɗaya: laushi da kamun ƙasa na gaba-gaba, ƙarko kaɗan, kariyar faci daidai ta ranar tsere. Continental Gatorskin: sulke a sama, raga a gefe, ƙarko mai yawa, amma robarta mai tauri ce, kamunta a jiƙaƙƙen titi bai kai na tayar tsere ba. Grand Prix 5000 ta wannan kamfanin, mai sulken Vectran, tana tsakiya, kuma a ganina ita ce irin da ta fi dacewa da wanda ke son gudu ba ya son tsayawa a gefen hanya. A can ƙarshe akwai Schwalbe Marathon Plus, mai sulken roba na milimita 5, wadda ta ninka tayar tsere mai faɗinta nauyi fiye da sau biyu. Kariyar facinta ba ta da na biyu a cikin huɗun, amma ƙafarka ce za ta biya, don tana cin ƙarfi. Wannan cin ƙarfin shi nake ba da shawara a riƙe wa rolling resistance, tun da da wat ake auna shi, wato ƙarfin mahayi da taya ke shanyewa.

Mai taya biyu da ba su yi daidai ba, ya sa mai kamun ƙasa a gaba, mai ƙarko a baya. In ta baya ta zame, sau da yawa ana iya tare keken. In ta gaba ce, kafin ka ankara kana ƙasa.