Maganin "kowane ciwo": abin da aka tattauna a majalisarmu

Daren Juma'a a majalisarmu ta Fagge, hira ta karkata kan masu tallan maganin ciwon jiki da lasifika a bakin kasuwa, masu cewa ƙwaya ɗaya tana maganin ciwon baya, basir, taifot har da rashin ƙarfin maza. Wani mai kemis da wata ma'aikaciyar jinya ne suka fi ba da haske.

Mai kemis ɗin ya ce doka ta hana tallata magani sai da amincewar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna da aka kafa a 1993, kuma tana da ikon kwashe kaya ta rufe shago, kamar yadda aka yi wa 'yan maganin Sabon Gari a 2024 don su koma sabuwar kasuwar magani ta Dangwauro. Shawararsa: a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kwali, a guji ƙwayoyin da aka ƙulle a leda ba suna.

Ma'aikaciyar jinyar ta fi daɗewa tana magana. Ta ce farasitamol zazzaɓi da raɗaɗi kawai yake saukarwa, ba ya kashe maleriya, kuma babba kada ya wuce giram 4 a rana, don hanta ce ke shan wuya. Ibuprofen da diclofenac kuwa, su ma magungunan ciwon jiki, suna tsananta gyambon ciki, suna taɓa ƙoda.

Wani dattijo ya ce, "To 'yata, mu da asibiti ya yi mana tsada fa?" Ta ce, "Baba, ko awon jini na maleriya a yi tukuna." Ni dai na ga damuwarsa gaskiya ce, kuma kamen hukuma bai amsa ta ba.