DAMASK ko Abaqus? Ina neman shawara kafin in tsunduma

Ɗalibar_Ƙarfe: Assalamu alaikum. Aikina na digiri na biyu shi ne kwaikwayon yadda farantin aluminiyam ke miƙewa idan an ja shi, tun daga ƙwayoyin kiristal, kowace da inda ta fuskanta da hanyoyin zamewarta 12. Taswirar EBSD, wadda na'urar hangen ƙananan abubuwa ke fitarwa tana nuna inda kowace ƙwaya ta fuskanta, tana hannuna. Malamina ya ce in zaɓi manhajar lissafi, ko DAMASK ko Abaqus da UMAT, wato ƙaramin shiri na bayyana halin ƙarfe da ake rubuta wa Abaqus da yaren kwamfuta na Fortran. Ban iya Fortran ba, laftop gare ni mai RAM 16GB, kuma shekara guda ta rage mini. Wanne zan kama?

Mai_Fortran: Wa alaikumus salam. Abaqus mana. Ki nemi UMAT ɗin da Huang ya rubuta a Harvard a 1991, ki gyara layuka kaɗan, shi ke nan.

Ɗalibar_Ƙarfe: Malam, ai na ce ban iya Fortran ba.

Maƙeri: Kawo mini farantin da guduma, yanzu in nuna miki yadda yake miƙewa ba tare da lasisi ba.

Tsohon_Ɗalibi: Ƙanwata, ji nawa. Ni ma "layuka kaɗan" aka ce mini. Kafin Abaqus ya yarda da kwamfailar Fortran ɗina, wato manhajar da ke fassara wa kwamfuta shirin, har na rame. Da ya yarda, lissafi ya ƙi zama, yana ta yanka matakin lokaci har ya mutu. Na samu ya fara tafiya, sai lasisin sashenmu ya ƙare, wai ba a sa shi a kasafi ba. Na koma Abaqus na ɗalibai na kyauta, ashe mahaɗa 1000 kawai yake ɗauka a ragar lissafi, kuma ba ya karɓar UMAT sam. Malamina da ya zaɓa mini hanyar bai taɓa buɗe manhajar ba. Ranar kare aiki shi ne ya fara tambayata me ya sa sakamakon ya yi kaɗan.

Maƙeri: Allah Ya ba da lada, Yaya.

Dakta_Kiristal: Tun da EBSD gare ki, DAMASK ya fi dacewa. Kyauta ne, daga cibiyar Max Planck da ke Dusseldorf a Jamus. Yana amfani da FFT, wata dabarar lissafi mai sauri, a kan raga mai gidaje daidai wa daida, don haka ɗigon taswirarki kusan kai tsaye za su shiga. Python kaɗan ya ishe ki. Amma ta wannan hanyar akwati kawai yake warwarewa, mai maimaita kansa ta kowane gefe. In farantin naki yana da rami ko tsaga, wannan wata magana ce.

Mai_Fortran: Kyautar da sai an sayi kwamfuta mai 64GB? Hayar na'ura a intanet ma ta fi sauƙi.

Ɗan_Lab: Wa ya ce? Ni haya ce ta cinye kuɗin bincikena, na bar lissafi yana gudu na kwanta. Saye ya fi araha. Kuma 16GB ɗinta zai ɗauki ƙaramar raga lafiya lau.

Mai_Fortran: Kai da magnesiyam kake aiki, ina ruwanka da aluminiyam?

Ɗan_Lab: Magnesiyam ai ya fi wuya, ga ƙarancin hanyoyin zamewa ga tagwaitakar kiristal. Wanda ya iya shi ya isa ya yi magana. Kai yaushe rabonka da gudanar da lissafi da hannunka, ba ɗalibanka ba?

Dakta_Kiristal: A yi haƙuri. In jerin fuskantar ƙwayoyi kaɗai take nema, shirin lissafi na VPSC, wanda masana Lebensohn da Tomé suka fitar a 1993, zai gama a laftop nan da nan. Abin da ba zai nuna mata ba shi ne yadda matsi ke rarrabuwa a cikin ƙwaya guda.

Tsohon_Ɗalibi: Duk wanda ta ɗauka, alƙaluman taurarewar ƙarfen ne za su wahalar da ita. Za ka iya samun alƙaluma kala biyu da suka sha bamban, duka su hau kan layin gwaji ɗaya. Ga masu wallafa takardu, sai su ba ka rabin tebur su ce sauran a tambaye su.

Ɗan_Lab: Ka tambaya kuma shiru. Na rubuta wa wani marubuci, da kyar ya amsa, wai ɗalibin da ke riƙe da fayilolin ya bar wurin.

Mai_Fortran: Laifin masu tantance takardu ne da suke bari ana wucewa haka.

Dakta_Kiristal: Masu tantancewar da ba a biyan su ko sisi?

Ɗalibar_Ƙarfe: Na gode. To farantin nawa ba shi da rami. Dakta, taswirar tawa ta saman ƙarfen ce kawai, ya zan yi da zurfin?