Neman shawara: na biya rabin kuɗin fili a sabon rukunin gidaje na bayan Kuje

Abu Hanif: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku taimaka mini da shawara, abin ya hana ni barci. Haya nake a Kubwa tun da aka dawo da ni aiki Abuja, bana kuma mai gida ya sake ƙara kuɗi. Ciki da falo ne, ga yara huɗu, babbar ta fara zama budurwa, ga ƙanena da Hajiya ta turo daga Zariya a falo yake kwana. Abokin aikina ne ya kai ni wani sabon rukunin gidaje da ake yankawa a bayan Kuje. Sun zagaye da katanga, sun ce za su jawo wuta su haƙa rijiyar burtsatse. Na biya rabi, uwargida ce ta sayar da sarƙarta ta cika mini. Yanzu sun ce in kammala kafin ƙarshen wata ko su ba wani, sannan kuɗin titi da magudanar ruwa daban ne. In cika ko in nemi kuɗina?

Baban Sadiq: Wa alaikumus salam. Malam, wace takarda ka gani kafin ka biya? Ƙasar Abuja ta gwamnatin tarayya ce tun dokar 1976 da ta kafa birnin, Ministan Abuja ne ke ba da fili. Takardar da kamfani ya buga maka ba C of O ba ce, wato takardar shaidar mallakar fili ta gwamnati. Ka karɓi lambar fayil ɗin babban filin ka kai AGIS, ofishin bayanan filaye na Abuja, a bincika da sunan wa yake, kuma don gidaje aka ba da shi ko don noma. Kafin nan kada ka ƙara ko sisi.

Abu Hanif: Yallaɓai, akwai rasit da takardar rabo mai hatimi. Manyan mutane ma sun saya.

Maman Ilham: Ɗan uwa, ka ga wurin da damina? Mu da rani aka nuna mana namu a wajen Lokogoma, ashe hanyar ruwa ce. Duk Agusta a kan gado muke tara kaya. Kuɗin tsaro da na shara kuwa ba ya wuce wata, amma taransifoma mu muka yi karo-karo muka saya. Allah ya isa.

Abban Walid: Ni dai ka cika kawai. Fili a Abuja ba ya jiran mai dogon bincike. Waɗanda suka ji tsoron Lugbe a da yanzu cizon yatsa suke. In ka ce a maido kuɗi ma sai sun zaftare wani abu, su kuma ja ka.

Ummu Aisha: Tunda ma'aikaci ne, ai ana cirar masa kashi 2.5 cikin ɗari na albashi don asusun gidaje, NHF. Me zai hana ya nemi lamuni ta Bankin Bayar da Lamunin Gidaje na Tarayya? Ga gidaje 3,112 da aka aza harsashinsu a Karsana a 2024.

Baban Sadiq: Hajiya, kuɗinsa na hannun mutane, ana maganar lamuni? Abban Walid, a Lugben nan an sha rushe gidaje. Katanga ba hujja ba ce. In babu izinin gini daga hukuma, jan fenti za ka tarar a bango. Sannan ka tambayi Gbagyin ƙauyen ko an biya su diyyar gonakinsu. Shi abokin naka ba kamasho yake ci ba?

Abu Hanif: Haba Yallaɓai, sahu ɗaya muke sallah da shi, shi ma ya sayi biyu. Kuma na yi istihara kafin in biya. In na je neman lambar fayil za su ga kamar ban yarda da su ba.

Baban Sadiq: Su gani mana. Mai takardar gaskiya ba ya ɓoye lamba.

Maman Ilham: Uwargidan ta san halin da ake ciki?

Abu Hanif: Ban faɗa mata ba tukuna. Yanzu ma sun kira, sun ce in na cika cikin makon nan za su ba ni filin da ke kan kwana, kusa da inda za a gina masallaci. Akwai wanda ya san nawa ake biyan binciken nan na AGIS?