'Yata ta zo ƙarama duk da watanninta sun cika, har yanzu ba ta kamo sa'o'inta ba

Maman Hanan: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Na haifi 'yata a sati na 39, ba bakwaini ba ce, amma kilo 2.1 ta zo. Na yi fama da hawan jini a cikinta. Yanzu shekararta biyu da wata uku, tana gudu, tana surutu, sai dai duk wanda ya gan ta sai ya ce ba ta wuce shekara ɗaya da rabi ba. Surukata ta ce in sayo mata maganin ƙiba a kemis, wata maƙwabciya kuma ta ce akwai allurar da ke sa tsawo. Na rasa na kamawa.

Hajiya Binta: Wa alaikumus salam 'yata. Ki yi wa surukarki biyayya a komai, ban da wannan. Wasu magungunan ƙibar nan da sitiroyid a ciki, kumbura yaro suke yi, kuma su ne ma ke tauye tsawo. Ki lallaɓa ta, ki ce likita ya hana.

Ummu Sadik: Nawa ma haka ya zo, lokacin zazzaɓin cizon sauro ya wahalar da ni da cikinsa. Kafin ya shekara biyu ya wuce yayansa ɗan wana. Allah ya raya miki.

Anti Nas: Maman Hanan, hawan jini yakan rage jinin da ke isa mabiyiya, sai abincin ɗan tayi ya yi ƙaranci. Kusan tara cikin goma na irin waɗannan yaran suna kamo sa'o'insu kafin shekara biyu. Taki ta wuce wannan lokacin, don haka kada ki zauna jira. Ki nemi likitan yara a asibitin koyarwa, ki tafi da katin awonta. Ba awon yau kaɗai zai duba ba, yadda layin tsawonta ke tafiya tun haihuwa shi ne abin lura. Zai auna tsawonki da na babanta (wani lokacin gado ne kawai), ya duba ƙarancin jini, tsutsar ciki da aikin ƙwayar tayiroyid da ke maƙoshi, watakila ya sa a ɗauki hoton ƙashin hannunta na hagu.

Allurar da maƙwabciyarki ta faɗa gaskiya ce, sinadarin girma ne. Amurka ta amince da ita ga irin waɗannan yara a 2001 daga shekara biyu, Turai kuma a 2003 daga shekara huɗu. Amma ana yin ta shekaru a jere, tana da tsada sosai, kuma sai ana bibiyar sukarin jini. Ba ta kemis ba ce.

Maman Hanan: To Anti, in riƙa ɗura mata abinci ne kafin nan?

Anti Nas: A'a. Yaron da aka haifa ƙarami ya zo ya yi ƙiba da sauri, shi ake ji wa tsoron ciwon suga da hawan jini idan ya girma, mace kuma takan iya balaga da wuri, tsawo ya tsaya. Ki ba ta ƙwai, wake, kifi, kunun gyaɗa, zogale, ki rage lemon kwalba da alewa.

Maman Hanan: Na gode. Katin yana gidan Umma, gobe in sha Allahu zan aika a ɗauko.