Musayar Waƙa: Ƙofar Lungu da Masu Yawon Dare

Baba Mai Carbi:
Da sunan Allah nake buɗe baitina,
Kukana, 'yan'uwa, a kan yawon dare.
Da can in farin wata ya haska dandali,
Mu muna langa, 'yan mata na gaɗa a jere.
Dattijo guda in ya yi gyaran murya,
Ɗan wane da ɗan wane, gida za a tsere.
Yau sha biyu ta gota suna bakin titi,
Ka tanka, ka ga wuƙa a hannu a zare.

Ɗan Ɗorayi:
Baba, na durƙusa, a yi mini afuwa,
Ba duk na waje ne ya cancanci a ɗaure.
Mu bakwai ne a ɗaki, ga zafin bazara,
Ba wuta, ga sauro, wane ne zai jure?
In ana ƙwallon Turai a gidan kallo,
Sha ɗaya kan yi kafin wasa ya ƙare.
Mu biya wurin mai shayi, mu karɓo caji,
Sai a bi mu da ido kamar an ga kare.

Inna Ta Kurna:
Ɗana, ni ban kira ka ɗan daba ba,
Uwa ce ba ta barci, ido na kan ƙyaure.
Tsorona biyu ne: ga masu ƙwacen waya,
Ga 'yan gora, su daka kafin a warware.
Da, maƙwabciya kan kawo min shi riƙe da kunne,
Yau ta leƙo ta taga, ta saki labule ta share.

Ɗan Sintiri:
Inna, gorar nan ba don ɗanki aka yanko ta ba,
Sanyi da raɓa a kanmu suke ƙare.
A 2013 aka hana acaɓa a Kano,
Muka ce to, barci zai zo mu more.
A 2022 aka ce wa Adaidaita Sahu,
Goma ta yi, kowa ya kai tasa ya ɗaure.
Titi ya yi tsit, ɓarna ta shigo lungu,
Shi ya sa muka kafa ƙofa muka tsare.
Kodin da aka hana tun 2018,
Har yau muna tsintar kwalba a bayan zaure.
Kuɗin sintiri kuwa, gida-gida muke bi,
Wasu su ce gobe, wasu da harara a kore.

Inna Ta Kurna:
Tunda ka taɓo ƙofa, bari in faɗa maka:
Naƙuda ta kama 'yata da tsakar dare,
Mai makulli ya tafi, waya a kashe,
Sai da yaran nan suka zo aka ɓalle kwaɗon aka cire.

(Baitin ƙarshe ya yi tsawo, ku yi haƙuri, haushi ne.)

Ɗan Ɗorayi:
Kun ji ko? Mu da ma idonmu biyu ne,
Ku ba mu makullin mu yi gadin tare.

Baba Mai Carbi:
Kura da ajiyar nama? To, ban ƙi ba,
In mai unguwa ya yarda, ni ma zan daure.

Ɗan Sintiri:
Asabar bayan isha ka zo da tocila,
Da yardar babanka, mu haɗu a zaure.
Amma wayar nan taka ta kwana a aljihu,
Ba a gadi ido na kan TikTok a ƙure.