Albashi, kyauta ko jinga? Neman sunan kuɗin da ake biyan ɗan wasan UFC

Masu fassara labarin wasanni, ku matso kusa. Kalmar da ke gabanmu ita ce "purse", wato kuɗin da kamfani irin UFC ko PFL, masu shirya faɗan MMA (dambe haɗe da kokawa da ake yi a cikin keji), ke biyan ɗan wasa a kan karawa guda. Wasu na rubuta "albashi", wasu "kyauta", wani ma ya sa "jaka" kai tsaye. Jaka dai mu sallame ta tun yanzu: a Kano naira 200 ce, a Maraɗi sefa 1,000, kuma ba mai shiga keji a fasa masa hanci a kan wannan.

Albashi ya fi kowacce yawo, kuma shi ya fi ɓatar da mai karatu. UFC ba ta ɗauki 'yan wasanta ma'aikata ba, a takarda 'yan kwangila ne masu zaman kansu. Babu kuɗin ƙarshen wata, babu fansho. Wanda rauni ya kwantar shekara guda, to ya shekara bai karɓi kuɗin faɗa ba. Idan muka rubuta "albashinsa dala 12,000", Bahaushe zai ninka shi sau goma sha biyu a ransa ya ce yaro ya haye, alhali sau biyu ko uku zai fita fage a shekara.

Kyauta kuwa tana mayar da haƙƙi alheri, kuma a nan ne nake da zafi. A 2001 'yan'uwan nan biyu, Lorenzo da Frank Fertitta, suka sayi UFC a kan dala miliyan 2. A 2016 aka sayar da ita wajen dala biliyan 4. Ƙarar da Cung Le da wasu tsofaffin 'yan wasa suka shigar kan UFC a Amurka a 2014 ta fito da takardun da ke nuna rabon 'yan wasa bai cika wuce kashi 20 cikin ɗari na kuɗin shigar kamfanin ba, alhali a NBA, gasar ƙwallon kwando ta Amurka, kusan rabi 'yan wasa suke kwasa. Da sulhun dala miliyan 375 aka rufe wannan shari'ar. Wanda aka ba ɗaya cikin biyar na abin da jininsa ya tara, ba a cewa an yi masa kyauta.

Ni jinga na zaɓa. Kowa ya san ta: mai gona ya nuna maka fili, ku tsayar da magana kafin ka sa fartanya, ka gama a biya ka, gobe ba ka bin sa komai. "Kuɗin kwantiragi" da wani ɗan'uwa ya kawo ya yi faɗi da yawa, domin kwantiragi ɗaya kan ɗauki faɗa uku ko huɗu, kowanne da jingarsa.

Mu gwada ta a jimla, a kan tsohon zakaran UFC na ajin masu nauyi: "Jingar Francis Ngannou a karawarsa da Ciryl Gane a Janairun 2022 dala 600,000 ce." Ta zauna daram, ba ta neman ƙarin bayani.

Jingar ƙananan 'yan wasa gida biyu ake raba ta. Rabi na zuwa ne idan nauyinka bai wuce na ajinka a sikeli ba ka kuma shiga keji, sauran sai ka ci. Na farkon mu ce "kuɗin fitowa", na biyun "cikon nasara". An ba da shawarar "kuɗin kisa" daga bakin 'yan damben gargajiya, kuma kalmar da daɗi, sai dai kisa a dambe kai abokin karawa ƙasa ne, shi kuwa wannan kuɗi ana biyan sa ko da maki alƙalai suka ba ka. Dala 50,000 da a baya aka daɗe ana ba waɗanda suka burge a daren wasa, wannan tukuici ne sak, tunda shugabannin kamfani ke zaɓar wanda suka ga dama. Abin da manaja ke yanka kuma la'ada ce.

Wani malami ya ƙalubalance ni, ya ce jinga sai da ciniki, sabon shiga kuwa miƙa masa takarda ake yi ya sa hannu ko ya koma gida. Gaskiyarka, Malam, amma rashin ƙarfin taya farashi bai canja sunan abin ba. Mai ƙarfi yana tayawa: Ngannou ya bar UFC a Janairun 2023 da kambunsa a hannu, ya koma PFL da sharaɗin a bar shi ya yi damben boksin, har ya kara da zakaran boksin na lokacin, Tyson Fury, a Riyad a Oktoban shekarar.

Saura "promoter", wato mai shirya wasan. An ce dillali, amma dillali ba shi da kaya, shi kuwa Dana White, shugaban UFC, da kamfaninsa su ke da keji, da kambu, da kwantiragin 'yan wasan duka. "Mai gidan dambe" ya fi kusa, sai dai ya yi tsawo a kanun labari. Mutanen Sakkwato da Damagaram, me kuke kiran wanda ya haɗa wasa ya karɓi kuɗin ƙofa?