Wace kalma za mu sa wa "farm system" na wasan besbol?

Jama'a, ku taya ni neman kalma. A besbol ɗin Amurka, wasan da ake dukan ƙwallo da sanda, da wuya ka ga yaro ya fito daga makaranta ya faɗa babbar gasar MLB kai tsaye. Kowace ɗaya cikin ƙungiyoyi 30 na gasar tana da ƙananan ƙungiyoyi a ƙarƙashinta, hawa-hawa, tun daga matakin Single-A har Triple-A, wanda ke dab da babbar gasar. Nan ake tura wanda aka ɗauka ya yi shekaru yana gogewa, ga doguwar tafiya a bas, ga albashi ɗan kaɗan. Wannan tsari suke kira "farm system".

Da na fara tambaya, wani ya ce ai "gona" ce kawai. Ban yarda ba. Bahaushe ya ji "an tura shi gona", zai ɗauka an kori yaron ne, an ce ya koma ga fartanya.

"Makarantar horo" ma ba ta zauna ba. Wannan ta fi dacewa da irin cibiyoyin da ƙungiyoyin suka gina a Jamhuriyar Dominika, inda ake ƙulla yarjejeniya da yara tun suna shekara 16. Su kuwa ƙananan ƙungiyoyin nan gasa suke yi ta gaske, mutane na biyan kuɗi su shiga kallo.

Wani dattijo ya ce "turke", kamar na ragon layya. Na yi dariya, amma fa bai yi nisa da gaskiya ba. Branch Rickey, wanda ya gina tsarin a ƙungiyar St. Louis Cardinals a shekarun 1920, yakan tara matasa da arha, ya riƙe na ƙwarai, ya sayar da ragowar. Sai dai ƙarshen ragon turke wuƙa ce, ba zan so a laƙaba wa ɗan mutum wannan ba.

Ni dai hankalina ya fi kwanciya da lambu. Mai albasa ko tattasai yakan yafa iri a ɗan fili, ya yi ta ban ruwa, in ya yi ƙwari ya cire ya dasa. Kuma ba duka ke kaiwa dashe ba, haka ma yawancin 'yan wasan nan ba sa taɓa taka babbar gasa. Don haka na ce "gandun reno". Ranar da aka kira yaro sama kuma, "an dasa shi".

Mu gwada a jimla: Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu ya shiga gandun renon ƙungiyar Pittsburgh Pirates a 2008, ba a dasa shi ba sai Afrilun 2017, ya zama haifaffen Afirka na farko da ya buga a MLB. Kunnena bai ji tuntuɓe ba.

Inda na maƙale shi ne in an mayar da mutum ƙasa bayan an dasa shi, abin da ke faruwa kullum a besbol. Shuka ba ta komawa reno. Masu lambu, me za ku ce?